Ganyen da Kawu Ya Ce a Ƙone

Ɗiyata ta biyu tana da shagon atamfa a unguwar Kalley ta nan Yamai, bayan babbar kasuwa. Kwanakin baya, da na fito daga wurin likitan ido, na biya ta wajenta in huta kafin in nemi taksin Kirkissoye, unguwar da nake zaune. A bakin shagon na tarar da tukwane biyu, kowace da ɗan itace mai ƙananan ganye, kore shar, an daidaita shi kamar ƙwarya a kife. Na kai hannu na shafa, sai na ji roba. Ta yi dariya, ta ce ai yanzu kowa irinsa yake ajiyewa, daga Sin ake kawo shi, ba ya son ruwa ba ya son taki, in ya yi datti a goge da tsumma. Ta ce don ni ta saya, tunda ta san aikin lambu na yi duk rayuwata. Na ce mata ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Na zauna kan benci har shayin da ta sa aka kawo mini ya huce ban kurɓa ba, domin na gane itacen da aka kwaikwaya. Buwi ne. Haka muke kiransa, yadda muka ji sunan a bakin matar maigidanmu. Ba shi da sunan Hausa ko na Zabarmanci, don ba ɗan ƙasar nan ba ne.

Ina saurayi na zo Yamai, gemu bai gama fito mini ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi na taso, shekarar da gero ya ƙi a karo na biyu. Mahaifina ya duba rumbu, ya dube mu, ya ce in tafi wurin Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ke aikin lambu a wani babban gida a Gaweye, bakin gulbi. Lokacin gada sabuwa ce, mutanen ƙauye suna zuwa takanas su taka ta su ga ko za ta motsa. Abin da na fi tunawa da garin shi ne yadda ake jin komai. Da asuba, bayan kiran salla, za ka ji masu kwalekwale suna buga sanda a jikin jirgi, ka ji mata masu wanki suna maka tufafi a kan dutse, ka ji luguden daka daga gidajen Zabarmawa, turmi yana amsa wa turmi. In mota ta taso daga can sama, tun ba ka gan ta ba ka san ta wane ce. Yau in na tsaya a wurin ba na jin gulbi sam. Babura ne da injinan wuta, da masu magana a waya kamar suna faɗa. Gidan ma babu shi, an rushe an tayar da bene mai gilashi, an shafe filin da siminti tun daga ƙofa har bango. Mangwaro huɗu da na sani a wurin, ko kututture ba a bari ba.

Maigidan Badamagare ne, babban ma'aikacin gwamnati. Ya yi karatu a Faransa, ya dawo da Baturiya, ita muke kira Madam. Mace ce mai shiru, ba ta da mugunta, amma kewar gida ta cinye ta. Kawu ya ba ni labari cewa a lambun uwarta ta yanko rassan buwi, ta naɗe su a auduga mai laima, ta taho da su cikin akwatin tufafinta. Na farko suka mutu cikin wata ɗaya. Da ta je hutu ta sake kawo wasu, su ma bazara ta ƙone su. Na uku ne Kawu ya raya, kuma duk masu aikin lambu na unguwar sun san shi kaɗai ya taɓa yin haka. Guda arba'in da biyu ne, a jere gefen baranda ta arewa, ƙarƙashin inuwar mangwaro, tsayinsu bai wuce gwiwa ba bayan shekara takwas. Kowace safiya Madam takan fito da kofin kafe, ta murza ganye ɗaya a yatsa ta shinshina. Ni kuwa warin fitsarin kyanwa nake ji a jikinsa. Ban taɓa faɗa ba.

Itace ne da ba ya son ƙasarmu, kullum sai an lallashe shi. Ruwa sau biyu, kafin rana ta fito da bayan la'asar, kuma a gindi ake zubawa da arozuwar, wato butar ban ruwa mai kan rariya, ba a watsa wa ganye. In ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwa ta ruɓe. In ya yi ƙishi kwana ɗaya, ganyen ya koma launin tagulla. Ba a kusantarsa da fartanya, saiwarsa a sama-sama take, da yatsu ake cire ciyawa. Mukan shimfiɗa masa ɓawon gyaɗa don ƙasa ta riƙe sanyi, mu zagaye shi da toka saboda gara. Taki sai na shanu wanda ya shekara a rami, ya yi baƙi ya daina wari. Da bazara mukan kafa sanduna mu rataya zana daga gabas, da rana ta juya mu mayar da ita yamma. In Kawu zai ƙara sabon tsiro, yakan yanko reshe tsawon yatsa, ya zage ganyen ƙasa, ya soke shi a yashin gulbi, ya kife masa kwalba mai faɗin baki, ya jira wata biyu ko uku. Cikin goma, biyu suke kamawa. Askin kuwa, shi kaɗai ke yi. Yakan kafa turaku, ya ja zare, ya duƙa ya rufe ido ɗaya, sa'an nan ka ji almakashi ƙyas, ƙyas, ƙyas, a hankali kamar wanzami a kan jariri. Ƙasa ya fi faɗi, sama ya ɗan tsuke, don haske ya kai ga ganyen gindi. Wannan dalilin ni na gano da kaina daga baya. Kawu bai faɗa mini ba.

Kawu ba ya faɗin dalili. Irin mutanen da ne, waɗanda suke ganin in babba ya ce a yi, maganar ta ƙare. Dogo ne, siriri, yana da tabon shasshawa a goshi, kuma yini guda bai fi ya yi magana goma ba. Abin da yakan maimaita mini uku ne: kada in ba da ruwa da rana tsaka, kada in taɓa almakashinsa, kuma duk ganyen buwi da aka aske in share shi tas, ko ɗaya kada ya rage, in kai bayan madafa in ƙone. Sauran ciyawa da ganyen mangwaro rami muke zuba su su zama taki, ko mu bai wa masu dabbobi. Wannan kaɗai ake ƙonewa, ɗanye, da kananzir, hayaƙinsa mai ɗaci yana sa ido hawaye. Sau ɗaya na tambaye shi me ya sa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Hannunka aka ɗauka aiki ko bakinka?" Ban sake tambaya ba. Na yanke wa kaina cewa rowa ce irin ta Turawa, Madam ba ta son wani ya tsinci reshe ya dasa a gidansa. Yaran yanzu ba sa ɗaga tsinke sai sun ji dalili, tsofaffi ƴan'uwana suna ta ƙorafi a masallaci cewa tarbiyya ta lalace. Ni ba na sa baki a wannan hira.

A shekarata ta biyu fari ya kai inda ya kai. Gulbi ya ja baya har yara suna ƙetare wani sashe da ƙafa. Mutane suka riƙa kwararowa daga arewa, Fulani da Buzaye da Adarawa, waɗanda a da suke da garke, yanzu kowa da ƙunshi a ka. Aka tara su a ƙetaren gulbi, wurin da yau ya zama unguwanni, lokacin kuwa yashi ne da ƙaya. Suka kafa bukkoki na tabarma da kwali. Da safe sukan ƙetaro gada su bazu cikin gari neman abin sawa a baki. Mu a cikin gida famfo bai taɓa ɗaukewa ba. Ina zuba wa itacen da ba a ci ruwa bokiti-bokiti, ina jin takun mutane a bayan katanga.

Cikinsu akwai wata Bafillatana da takan bi ta ƙofarmu kowane hantsi. Ba ta kai shekara talatin ba, amma yunwa ta tsufar da ita. Tana goye da ɗiya mace, wadda ba ta fi shekara ɗaya da rabi ba, tana jan awaki biyu da igiyar kaba, ja ɗaya, ɗaya kuma mai farin goshi. Ba ta roƙo. Takan tsaya inda rassan mangwaro suka leƙo waje, ta bar awakin su tsinci busassun ganye. Na fara tara mata ciyawar da na cire da ɓawon dankali daga madafa, in miƙa mata ta ƙaramar ƙofa. Tana jin Hausa, ko da yake a karye. A hankali na ji labarinta. Mijinta ya kora ragowar shanunsu kudu tun farkon rani, ya ce zai aiko, bai aiko ba. Ɗanta na fari ya rasu a hanya. Nononta ya ƙafe, awakin nan biyu su ne uwar yarinyar. A gabana takan tsuguna ta tatsi mai farin goshin a ƴar ƙwarya, abin da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, ta ɗura wa yarinyar da ludayi. Yarinyar tana da wuri ɗaya, irin kuɗin da, ɗaure a gashinta, kuma in ta gan ni takan ɓoye fuska a bayan uwar, ta sake leƙowa. Ina ce wa matar Inna, ita kuma tana ce mini mai lambu. Ban tambayi sunanta ba, a ganina rashin kunya ne.

Sai zazzaɓi ya kayar da Kawu. Kwana uku yana kwance a ɗakinmu na bayan gida, yana rawar sanyi cikin bargo biyu, bai san wanda ke kansa ba. A makon ne kuma maigida zai yi manyan baƙi ranar Asabar. Madam ta kira ni, da Faransancin da nake tsinta da nuni da hannu, ta ce buwi ya yi gashi, ko zan iya? Na ce zan iya. Shekara biyu ina kallon hannun Kawu, na haddace kowane motsi. Na shiga ɗaki na ɗauki almakashin daga ƙarƙashin tabarmarsa, yana barci. Na kafa turaku, na ja zare, na rufe ido ɗaya. Tun sanyin safiya har hantsi ya ɗaga ina aski, kuma wallahi ya yi kyau. Madam ta zagaya shi sau biyu, ta tafa hannu, ta kira kuku ya zo ya gani. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba.

Na share ganyen, ya cika kwando har ya yi tozo. Ɗanye, kore, mai sheƙi, a shekarar da babu koren abu ko ɗaya daga nan har iyakar ƙasa. Na ɗauka na nufi bayan madafa, na ɗauko kwalbar kananzir, sai na ji kukan akuya a bayan katanga. Na tsaya da kwalbar a hannu. Na ce a raina, wane irin alhaki ne a ƙone abinci dabba tana kuka a ƙofa? Kawu ba zai sani ba, Madam ba ta zuwa bayan madafa. Na ajiye kananzir, na buɗe ƙaramar ƙofa.

Da ta ga kwandon sai da ta ja baya, ta ce duk nata ne? Na ce duk nata ne. Na zube kaɗan a ƙasa. Awakin suka shinshina, suka kau da kai. Wannan na gani da idona, kuma shi ne abin da ya fi damuna har yau, domin dabbobin sun fi ni sani. Matar ta ce ba su saba da shi ba ne, ta ɗebo ta cuɗa da ɓawon dankalin da na kawo, ta kai bakin jar. Yunwa ta yi aikinta. Jar ta fara ci, ɗayar ta biyo. Ragowar ta juye a tsohon buhu ta ɗora a ka, ta ce zai kai su kwana biyu. Ta yi mini addu'a mai tsawo, rabi Hausa rabi Fillanci, ta ce Allah ya ba ni mata tagari, ya sa kada ƴaƴana su san yunwa. Na koma ciki ina jin na yi abin kirki.

Washegari ba ta zo ba. Baƙi suka zo suka ci suka sha, na ji wata mata tana yaba buwi. Ranar Lahadi da hantsi mai gadi ya leƙo ya ce wata tana nemana. Na fita na same ta zaune a ƙasa, ta jingina da katanga, yarinyar a cinyarta, igiyar kaba a naɗe a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun da yammacin ranar da na ba ta ganyen awakin suka fara zawo, yawu yana zuba, suna rawar jiki, suna faɗuwa suna tashi. Ta ba su ruwan kanwa, ta ba su toka, ba abin da ya yi. Kafin gari ya waye duka biyun sun mutu, ko wuƙa ba a samu an sa musu ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ganye uku ta ɗora a tafin hannu.

"Mai lambu, mene ne wannan ka ba ni?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa, kuma ban taɓa jin kunyar wata gaskiya kamar wannan ba.

Mai gadi ya kai magana ciki. Maigida ya fito da jallabiya, Madam tana bayansa. Da aka fassara mata, ta rufe baki da hannu, fuskarta ta yi fari fat. Ta riƙa maimaita wata kalma, maigida ya juya ta da Hausa: guba. Itacen duk guba ne, ganye da ɓawo da saiwa, a ƙasarsu kowane makiyayi ya sani, kuma ta faɗa wa Kawu tun ranar da aka dasa shi. Maigida ya juyo kaina zai fara faɗa, sai ga Kawu ya fito yana dafa bango, bargo a kafaɗa, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Mai gadi ya riga ya gaya masa. Ya tsaya tsakanina da maigida ya ce yaron bai sani ba, shi ne bai faɗa masa ba, in kora ce shi za a kora. Maigida ya yi tsaki, ya ce ba wanda za a kora, amma ba ya son taro a ƙofarsa, a ba ta shinkafa ta tafi. Madam ta shiga da gudu ta fito da gwangwanayen madarar gari guda huɗu, tana kuka, tana nuna yadda ake damawa. Na ji tana cewa a tafasa ruwa. Ban tabbata an fassara wannan ba, kuma ko an fassara, itacen wuta a sansanin nan ya fi abinci wuya. Matar ta karɓa ta ɗaure a zane. Ba ta dube ni ba ta tafi.

Na zaci Kawu zai doke ni. Da ya doke ni da na samu sauƙi. Ya koma ya kwanta, ya juya fuska bango. Da dare ko da rana ba ya ce mini komai sai in miƙo ruwa. Ni kuma kowane hantsi ina bakin ƙaramar ƙofa da ɓawon dankali a kwano, ban san wa zan ba ba. Na so in ƙetare in neme ta, tsoro ya hana ni. Wannan ma sai na faɗa, domin kwana shida na yi ina da ƙafafu, gada tana gabana, ban je ba.

Ranar da Kawu ya iya tsayuwa, ya fito da kekensa, wanda yake gogewa kowace Juma'a kamar doki, ya tura shi kasuwa ya sayar, ya dawo a ƙasa. Kwana biyu muna yawon neman akuya mai nono. A shekarar dabba ba ta da daraja, amma mai nono ba a samunta, duk sun ƙafe. A ƙarshe wani Bazabarme mai lambun albasa a bakin gulbi ya yarda ya rabu da tasa, baƙa, da ɗanta ƙarami. Kawu ya tatsa da hannunsa ya ga nono ya zubo kafin ya karɓi igiya. Ya miƙa mini ya ce ni zan ja.

Muka ƙetare gada da azahar. Ban taɓa shiga sansanin ba sai ranar. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Mutane da yawa haka, yara ko'ina, amma ba mai wasa, ba mai kuka da ƙarfi. Ƙudaje ne kawai da tari. Idanu suka bi akuyar tun daga bakin hanya. Muka yi ta tambaya, Bafillatana mai ɗiya ɗaya wadda awakinta biyu suka mutu rana ɗaya. Kowa ya san labarin. Wani tsoho ya nuna mana wata bukka a gefe, ya dubi akuyar, ya dube mu.

Tana zaune a bakin bukkar tana tsefe igiyar kaba. Bayanta ba goyo. Na duba cikin bukkar, tabarma ce da ƙwarya da gwangwanayen madara, biyu a buɗe, biyu ba a taɓa ba. Kawu ya yi sallama ya tsuguna, ni ma na tsuguna. Wata maƙwabciyarta ce ta matso ta faɗa mana. Yarinyar ta ƙi madarar da fari, da ta karɓa kuma sai zawo da amai, kwana huɗu. Shekaranjiya aka binne ta a bayan tudu. Kawu ya yi salati a hankali, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Sa'an nan ya yi mata bayani da bakinsa, dalla-dalla, magana mafi tsawo da na taɓa ji daga gare shi. Ya ce shi ya san itacen guba ne, shekara takwas yana sane, kuma yana kwana ɗaki ɗaya da yaron nan bai faɗa masa ba. Ya ce ba mu zo biya ba, don ba abin da zai biya, amma ta karɓi akuyar.

Ta daɗe tana kallon dabbar. Ta tashi ta karɓi igiyar daga hannuna, ta shafa hantsar, ta ɗauko ƴar ƙwaryar nan da na sani ta tatsa. Ta miƙa wa maƙwabciyar, wadda ke da jariri a kafaɗa, ta ce ta ba shi tun da ɗumi. Ta ɗaure akuyar a turken bukka. Sai a lokacin ta dube ni.

"Mai lambu, na san alheri ka yi nufi. Ni ma da hannuna na sa musu a baki. Ban riƙe ka ba, Allah ma kada ya riƙe ka. Amma kada ka sake zuwa nan. Ba na son in ƙara ganin fuskarka."

Na ce to, Inna. Ban ƙara ganinta ba. Da damina ta sauka aka kwashe mutanen a manyan motoci aka mayar da su arewa, ban san ko tana ciki ba.

A hanyar dawowa Kawu yana tafiya yana hutawa, zazzaɓin bai gama sakinsa ba. A tsakiyar gada ya tsaya ya dafa ƙarfe, yana kallon yashin da gulbi ya bari. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kalma ɗaya ce fa. Da na buɗe baki na ce guba." Bai rayu da yawa bayan wannan ba, shekara uku, amma a cikinsu ko tsinke ya ce in ɗauke sai ya faɗi dalili, har abin yana ba ni tausayi, tsoho yana yi wa yaro bayani kamar mai neman izini.

Muka iso gida la'asar ta wuce. Madam tana baranda, ta taso tana tambaya da ido. Kawu ya girgiza kai. Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da tafukanta. Buwi yana nan a jere, askin da na yi masa bai ko fara fita ba, sai dai ganyen sama ya soma laushi, don lokacin ruwansa ya gota. Na ce wa Kawu ba zan ƙara ba shi ruwa ba, ya bushe, ni gida zan koma. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce a gida mutum tara suke jiran abin da muke aikawa, kuma itacen bai bi kowa ya shiga bakinsa ba. Ya je famfo ya cika arozuwar, ya ɗauko da hannu biyu, yana tangaɗi, ruwa yana zuba a ƙafafunsa. Ya ba na farko, ya ba na biyu. A na uku gwiwarsa ta lanƙwashe, ya durƙusa a kan ɓawon gyaɗa yana haki.

Na je na karɓa daga hannunsa. Na ba sauran, ɗaya bayan ɗaya, a gindi, ban jiƙa ganye ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ba su.